Idan aka cire dillali, wa zai ɗauki aikinsa? Fashin baƙi kan sayar da kaya kai-tsaye

Shin kaya za su yi sauƙi idan wanda ya ƙera su ko ya noma su ya sayar wa mai buƙata hannu da hannu, ba tare da sun bi ta wajen dila da ɗan sari da mai shago ba? Wannan tambaya tana tasowa duk lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabi, kuma tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, ba ta sake kwanciya ba. Magidanci yakan ji kuɗin da aka sayi buhun masara a ƙauye, ya kwatanta da abin da ya biya a birni, sai ya yanke hukuncin cewa 'yan tsakiya ne suke cinye bambancin. A shekarar 2025 maganar ta ƙara zafi, lokacin da matatar man Dangote ta sanar da cewa za ta riƙa kai mai zuwa gidajen mai da kanta, da tankoki 4,000 masu amfani da iskar gas, abin da ya tayar da hankalin masu rumbunan ajiyar mai da ƙungiyar NUPENG wadda direbobin tanka suke cikinta. A gefe guda kuma, duk wanda ya buɗe WhatsApp ko Instagram zai ci karo da masu tallan atamfa da turare da takalma suna cewa kayansu daga kamfani suke kai-tsaye, babu hannun kowa a tsakani.

Lamarin ya fi yadda ake ɗaukarsa zurfi, domin ɗan tsakiya mutum ne da ake iya kaucewa, amma aikin da yake yi ba ya gushewa don an kauce masa. Dole wani ya yi shi, kuma dole wani ya biya.

Me ake nufi da sayarwa kai-tsaye?

A tsarin da aka saba, kaya suna bin hannuwa da dama kafin su shiga gida. Masana'anta tana ba manyan diloli waɗanda suke ɗauka tirela-tirela, diloli su ba 'yan sari irin na kasuwar Singa ko Kantin Kwari a Kano, 'yan sari su ba masu shaguna da 'yan tireda na unguwa, su kuma su sayar ɗai-ɗai. Kowane hannu yana ɗora ribarsa. Sayarwa kai-tsaye ita ce mai kaya na asali, wato wanda ya ƙera ko ya sarrafa ko ya noma, ya tsallake waɗannan hannuwa, ya zama shi ne mai talla, shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai kai kaya, kuma shi ne wanda za a komo wa idan an ga aibi. Yana iya yin haka ta shagon da ya buɗe da sunansa, ko ta shafin intanet, ko ta wayar hannu kawai.

Ya kamata a rarrabe 'yan tsakiya iri biyu da jama'a sukan yi wa kuɗin goro. Akwai wanda yake saye da kuɗinsa, kayan su zama nasa, idan sun yi kwantai ko sun lalace hasararsa ce. Dila da ɗan sari da mai shago duk a nan suke. Akwai kuma dillali na ainihi, wanda ba ya mallakar kayan, aikinsa shi ne ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada. Na farko yana zuba jari yana ɗaukar kasada, na biyu kuwa saninsa da mutuncinsa yake sayarwa.

Da wannan ma'auni, abubuwa da yawa da ake kira kai-tsaye ba su cika sharaɗin ba. Shirin matatar Dangote a bakin gidan mai da manyan masu amfani da mai ya tsaya. Mai mota da ɗan adaidaita-sahu har yanzu a wajen mai gidan mai suke saye, don haka taƙaita hannuwa aka yi, ba a kawar da su ba. Shafuka irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, galibin aikinsu kasuwa ce da 'yan kasuwa suke baje haja a ciki, shafin ya yanki kamashonsa, wato dillanci ne a sabon wuri. Haka nan matashin da yake shiga Kantin Kwari ya ɗauki hotunan leshi a shagon wani ya ɗora a wayarsa, sai an yi oda ya koma ya karɓo ya ƙara nasa, sana'arsa halas ce, amma shi ma hannu ne da aka ƙara a tsakiya. Sannan akwai tsarin da ya fi duka ruɗar mutane, wanda ake ce wa mutum ya sayi maganin ƙarin lafiya ko man shafawa, ya kawo mutum biyu, su ma su kawo wasu, ya riƙa samun kaso daga cinikinsu. Masu wannan tsari suna son kiransa sayarwa kai-tsaye, alhali kuwa 'yan tsakiya yake ninkawa hawa-hawa, kuma duk inda riba ta fi fitowa daga shigo da mutane fiye da sayar da kayan, na ƙasa ne suke kwana ciki.

Aikin da ɗan tsakiya yake yi wanda ba a gani

Kara, wato kasuwar dabbobi, ita ce wurin da aikin dillali ya fi fitowa fili. A Potiskum ko Maigatari ko Mubi, makiyayi ba ya tsayawa ya yi ciniki da baƙon da bai sani ba; yana miƙa igiyar bijiminsa ga dillalin da ya saba da shi, ya koma gefe. Mai saye ya zo ya zagaya dabbar, ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya taya. Dillali ya ce, "Albarka, Alhaji, a ƙara dai, wannan ba sa'ar wancan ba ne." Ya je ya yi raɗa da mai dabba, ya dawo, a ja a sassauta, har a kai ga sallamawa. Mai kallo zai ce surutu kawai ya yi ya ci la'ada. Amma abin da mai saye ya biya da wannan la'ada shi ne tabbacin cewa dabbar ba ta sata ba ce. A wannan zamani na satar shanu, idan gobe wani ya zo ya gane shaidar da ke jikin bijimin, dillali ne za a kira gaban shugabannin kara, shi zai faɗi wanda ya kawo da garin da ya fito. Haka nan tun shekaru aru-aru fataken shanu da na goro suke sauka a hannun maigida a Sabo ta Ibadan da sauran zangunan kudu har zuwa Kumasi, shi yake ba su masauki, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya wa mahautan da za a ba bashi. Amana ce aka mayar sana'a, kuma duk wanda zai sayar wa baƙo daga nesa sai ya samo madadinta.

Aiki na biyu shi ne ɗaukar hasara. Tumatirin Kura da Kadawa da ake lodawa a kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas yana cin tafiyar kusan kilomita 1,000. Mota tana iya lalacewa a hanya, ana tsayar da ita a shingaye ana karɓar na goro, kuɗin dizal ya ninka, kwandunan ƙasa su matse, kuma idan motoci da yawa suka sauka rana ɗaya farashi ya faɗi warwas. Manomin da ya sayar a bakin gona ya karɓi kuɗinsa ya huta da wannan duka. Idan aka kwatanta farashin gona da na Legas aka ce bambancin riba ce zalla, an manta da kwandunan da aka zubar.

Na uku shi ne jari. Dilan da ya biya masana'anta kuɗin tirela goma kafin a loda ya ba ta kuɗin da za ta sayi kayan aiki ta ci gaba da juyawa. Masana'antar da ta ce za ta sayar ɗai-ɗai da kanta sai ta jira kuɗinta su dawo sannu a hankali, kayan suna jibge a rumbunta, tana biyan haya da gadi.

Na huɗu, wanda a ganina ya fi duka muhimmanci ga talaka, shi ne aikin mai shagon unguwa. Shi ne yake farke buhu ya auna rabin mudu, ya fasa katan ya sayar da sabulu ɗaya, ya ƙulla sukari da man gyaɗa daidai kuɗin da ke hannun yaron da aka aiko. Shi ne yake da littafin da ake rubuta bashi har ƙarshen wata, ya san wanda albashinsa ya makara da wanda matarsa ta haihu. Babu masana'antar da za ta iya wannan, komai girmanta.

Saboda haka wanda ya ƙudurta cewa zai riƙe ribar ɗan tsakiya a aljihunsa ya kwana da sanin cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Inda ƙorafin jama'a yake da gaskiya

Wannan ba ya nufin kowane ɗan tsakiya guminsa yake ci. Akwai riba da take fitowa daga aiki, akwai kuma wadda take fitowa daga jahilcin wani ko matsuwarsa. Manomin da bashin taki ya sha wa kai yana sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da kowa yake fitar da nasa kuma farashi yake ƙasa, wani lokacin ma ga wanda ya ba shi rancen tun da shuka bisa sharaɗin a biya shi da buhu. Bayan wata biyar ko shida sai ya dawo kasuwa ya sayi irin hatsin da ya noma da tsada. Ajiye hatsi daga kaka zuwa bazara aiki ne mai amfani, domin ba don masu ajiya ba da babu abin da za a ci da damina, amma tsakanin ajiya da ɓoye kaya don a ƙuntata wa jama'a akwai iyaka, kuma ana ƙetare ta. A watan Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai maƙura, hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbuna a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta zargin. Ko ma wane ne yake da gaskiya a wannan takaddama, ta nuna irin zargin da ke zukatan mutane.

A manyan kasuwanni kuma akwai 'yan kayi-nayi, waɗanda ba su da shago ba su da kaya, suna tare baƙo tun daga bakin ƙofa su ja shi shagon da suka shirya da mai shi, a ɗora musu nasu a kan farashi ba tare da baƙon ya sani ba.

Shari'ar Musulunci ta daɗe da shata wannan iyaka. Hadisai ingantattu sun hana a tari ayari a hanya a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su san farashi, sun hana mutum ya yi tayi na ƙarya don ya zuga wani ya ƙara kuɗi, sun kuma yi gargaɗi a kan ɓoye abinci. Amma malamai sun halatta dillanci idan la'ada sananniya ce kuma babu algus. Abin da aka hana shi ne cin moriyar rashin sanin wani. A nan ne wayar hannu ta yi babban aiki tun kafin a fara maganar ciniki ta intanet: manomin albasa a Aliero ko Galmi yana iya kiran ɗan'uwansa a birni ya ji yadda buhu ya kwana kafin ya sallama, don haka dillalin da jarinsa kawai shi ne ya san farashi kai ba ka sani ba, kasuwarsa ta fara mutuwa.

Yadda salon ya bunƙasa a ƙasashen waje

Sayarwa kai-tsaye a matsayin tsarin gina babban kamfani ta fi shahara a Amurka. A 1984 Michael Dell, yana ɗalibi a jami'ar Texas, ya fara haɗa kwamfuta yana sayarwa ta waya da wasiƙa, sai an yi oda sannan a haɗa. Hikimar ita ce kayan kwamfuta suna saurin tsufa, wanda ya tara su a shago darajarsu tana zubewa kowane wata, shi kuwa ba ya tarawa, kuma yana karɓar kuɗin mai saye tun kafin ya biya masu kawo masa kayan haɗi.

Guguwa ta biyu ta taso ne bayan 2010, da wayoyin zamani da shafukan sada zumunta suka game duniya. Kamfanin Warby Parker, wanda aka kafa a wannan shekara, ya fara sayar da tabarau na magani a kan dala 95, yana aika wa mutum firam biyar har gida ya gwada ya zaɓa, a kasuwar da wani babban kamfanin Italiya, Luxottica, ya mamaye ƙira da shaguna. Dollar Shave Club ya shahara a 2012 da ɗan gajeren bidiyo guda a intanet, yana aika wa maza reza kowane wata a farashi mai rahusa, har babban kamfanin kayan masarufi Unilever ya saye shi a 2016 a kan kimanin dala biliyan 1. Casper, daga 2014, ya riƙa naɗe katifa a kwali yana aikawa gida, da alƙawarin mutum ya kwana a kanta dare 100, idan ba ta yi masa ba ya mayar. Dukansu sun zaɓi kayan da ribar da ake ɗorawa tsakanin masana'anta da shago take da kauri, kuma sun sami tallan Facebook da Instagram da araha a lokacin. Sun kuma sami abin da mai sayarwa ta hannun dila ba ya samu, wato sanin mai saye: sunansa, garinsu, abin da ya saya, da ranar da zai sake buƙata.

Abin da ya biyo baya

Arahar tallan ba ta ɗore ba. Da kamfanoni suka yi yawa suna neman idon mutane ɗaya, kuɗin talla ya tashi, sannan a watan Afrilun 2021 kamfanin Apple ya sauya tsarin wayoyinsa ta yadda manhaja ba za ta bibiyi mutum ba sai da izininsa, abin da ya sa kai talla ga ainihin mai buƙata ya ƙara wuya da tsada. Sai aka wayi gari kason da aka hana mai shago ana miƙa shi ga Facebook da Google da kamfanonin kai saƙo. Casper ya shiga kasuwar hannun jari a Fabrairun 2020 da darajar da ta gaza wadda aka ƙiyasta masa a baya, yana ta tafka hasara saboda kuɗin talla da katifun da ake mayarwa, kuma cikin kimanin shekara biyu aka saye shi aka fitar da shi daga kasuwar. Unilever ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa na Dollar Shave Club a 2023. Warby Parker ya tsira, amma ta hanyar buɗe shaguna na zahiri tun daga 2013, waɗanda yanzu sun haura 200. Shi kansa Dell ya fara sayar da kwamfutocinsa a shagunan Walmart a 2007.

Darasin da ya fi girma na kamfanin Nike ne, mai yin takalma da kayan wasanni. Tun daga 2017 ya karkata ga sayarwa ta shagunansa da manhajarsa, a 2019 ya janye daga babbar kasuwar intanet ta Amazon, daga 2020 kuma ya yanke hulɗa da shagunan takalma da dama. Da farko abin ya yi kyau, musamman lokacin annobar korona da mutane suke kulle a gida. Amma kantocin da ya bari ba su zauna babu kaya ba. Sababbin kamfanoni irin su Hoka da On suka cike gurbin, mai saye ya shiga shago ya gwada abin da ya tarar. Ciniki ya ja baya, aka sauya shugaba a Oktoban 2024 aka dawo da tsohon ma'aikacinsa Elliott Hill, kamfanin ya shiga gyara hulɗarsa da 'yan kasuwa, a 2025 kuma ya koma Amazon. Idan kamfani mai wannan suna da wannan jari ya gane cewa ba zai iya shi kaɗai ba, to ƙaramin mai sana'a yana da dalilin yin lissafi kafin ya raina ɗan sari.

Yadda abin yake a ƙasar Hausa

A wajenmu sayarwa kai-tsaye ba baƙuwa ba ce. Matar da take soya ƙosai ko take yin ƙuli-ƙuli a cikin gida, da maƙeri da dukawa da masu ɗinkin hula, tun asali masu saye suna zuwa wajensu ne, ko a ɗora wa yara talla. Abin da waya ta sauya shi ne nisan da kaya suke iya kaiwa. Mai haɗa turaren wuta da humra a Maiduguri, ko mai dambun nama da yaji a Kano, tana iya samun masu saye a Abuja da Legas da Yamai ba tare da ta fita daga ɗakinta ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa mutane da yawa sabawa da tura kuɗi ta waya, wannan ma ya share hanya. Ina ganin wannan ci gaba ne na gaske, musamman ga mata, kuma duk tallan da waya ta ɗauke wa yarinya ta samu zama a aji riba ce da ba ta shiga lissafin ciniki.

Sai dai a dubi aikin da ya hau kan irin wannan baiwar Allah, a ce mai turare ce a Kano. Ita ce mai ɗaukar hoto, ita ce mai sayen data, ita ce mai amsa saƙonnin masu tambayar farashi waɗanda yawancinsu ba za su saya ba. Idan an yi oda daga Abuja, sai ta naɗe kwalaben a tsumma ta sa a kwali, ta liƙe, ta rubuta lambar waya a jiki da babban rubutu, ta ba ƙanenta ya hau adaidaita-sahu zuwa tashar Unguwa Uku. A can ɗan kamasho zai ɗaga kwalin ya jijjiga ya faɗi kuɗinsa, a ba direba, a karɓi lambarsa. Da yamma direba ya isa tashar Jabi a Abuja ya kira, wayar mai kaya a kashe, shi kuma yana son juyowa. "Hajiya, ni fa ba zan kwana da kayan nan ba," in ji shi, sai ta shiga neman wanda zai karɓa ya ajiye. Idan kwalba ɗaya ta fashe, ita ce za ta biya. Da ta sayar wa mai shago dozin biyar a Kano da ta karɓi kuɗi kaɗan a kan kowace kwalba, amma da duk wannan bai same ta ba. Wace hanya ta fi riba, lissafi ne da ya kamata kowace mai sana'a ta yi da biro da takarda, tana sa lokacinta da wahalarta a ciki, domin da yawa suna ƙirga kuɗin kayan haɗi kawai su ɗauka sauran duk riba ce.

Babbar matsalar kuwa ita ce amana. Mai saye yana tsoron ya tura kuɗi a toshe lambarsa, ko a aiko masa abin da bai yi kama da hoton ba. Mai sayarwa tana tsoron shaidar biya ta bogi, ko ta aika kaya a kan sai sun isa a biya, a ce an fasa, ta yi hasarar kuɗin mota zuwa da dawowa. Abin da dillalin kara yake yi da fuskarsa da sunan gidansu, a nan babu mai yin sa, sai dai a gina shi a hankali ta hanyar shaidar waɗanda suka saya suka ji daɗi. Shi ya sa masu sana'a suke biyan fitattun masu mabiya a TikTok da Instagram su tallata musu, wanda shi ma la'ada ce, sai dai ana biyanta tun kafin a yi ciniki, ko an saya ko ba a saya ba.

Wane tasiri zai yi ga jama'a?

Ba dole ba ne farashi ya sauka don an rage hannuwa. Mai kaya ba ya yanke farashi bisa abin da ya kashe kaɗai, yana duba abin da kasuwa za ta ɗauka. Idan sabulu irin nasa ana sayar da shi naira 1,000 a shago, babu abin da zai sa ya sayar a 700 alhali zai samu mai saye a 950. Ragowar ta zama tasa. Abin da yake tilasta masa sauke farashi shi ne a samu wani mai irin kayan yana neman masu sayen nan. Inda masu samarwa suke da yawa, kamar masu ɗinki da turare da kayan ƙwalama, mai saye yana amfana. Inda masu samarwa 'yan kaɗan ne, kamar siminti da sukari da tataccen mai, kawar da masu rarrabawa yana iya rage kuɗin dako da ha'incin hanya, amma yana tara ƙira da sufuri da yanke farashi a hannu ɗaya, kuma ranar da wannan hannu ya sami tangarɗa babu wata hanyar da kaya za su bi. Wannan shi ne ainihin abin dubawa a rikicin rarraba mai, kuma aikin hukumar FCCPC ne, wadda dokar 2018 ta ɗora wa alhakin kare gasa da haƙƙin masu saye, ta sa ido a kai.

Akwai kuma batun lafiya. Kayan ci da na shafawa da magungunan gargajiya da ake haɗawa a gida ana aikawa kai-tsaye sau da yawa ba su bi ta hannun hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ba, babu lambar rajista, babu ranar lalacewa. Babban kanti yakan ƙi karɓar irin waɗannan don gudun hukuma, wato shi ma wani mataki ne na tacewa da ake rasawa idan aka tsallake shi. Masu sayen man sauya launin fata da magungunan mata ta waya su ne suka fi shiga wannan haɗari.

Ga manomi, mutum ɗaya mai buhu goma ba zai iya ɗaukar mota zuwa birni ba. Hanyar da take yiwuwa ita ce ƙungiya: a tara amfani wuri ɗaya, a sami rumbu, a yi yarjejeniya da masana'antar shinkafa ko makarantar kwana ko gidan abinci, a jira farashi ya gyaru maimakon a zubar da kaka. Wannan yana buƙatar shugabanci mai gaskiya da kuɗin da manomi zai rage zafi da shi kafin a sayar, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa suke wargajewa.

Kayan da suka fi dacewa da sayarwa kai-tsaye su ne marasa nauyi, masu daraja, waɗanda ba sa saurin lalacewa, kuma sunan mai yin su yana ƙara musu ƙima, irin su turare, kilishi, ɗinkakkun kaya, takalman fata da zuma. Masu saye kuma su ne waɗanda suke da babbar waya da asusun banki da adireshin da mai kai saƙo zai gane, kuma suke da kuɗin sayen katan ko buhu a lokaci ɗaya su biya kuɗin kawowa. Leburan da ake sallama da yamma, wanda zai sayi gwangwanin shinkafa biyu da man ɗari biyu a hanyarsa ta komawa gida, ba ya cikin wannan sahu. Rahusar da ake samu ta sayen kai-tsaye tana zuwa ne ga mai hali, shi kuwa wanda ya fi kowa buƙatar sauƙi yana ci gaba da saye a hannu na ƙarshe, a farashi mafi tsada, kuma abin da yake ƙayyade wannan farashi shi ne kuɗin dizal, da lalacewar hanya, da yawan shingaye, da rashin tsaron da ya hana motoci bin wasu hanyoyi, da ƙarancin wurin ajiya mai sanyi.